Gayyar Jirgin Yara

Ni direban jirgin ƙasa ne, ko in ce na taɓa zama. Idan na faɗi haka a majalisa, baƙon da bai san ni ba sai ya gyara zama, ya ɗauka wanda ke zuwa Madina nake nufi, mai gudu kamar an koro shi. Nakan bar shi da tunaninsa har ya gama shan shayi. Daga nan wani ɗan baƙin ciki zai gaya masa ai jirgin nawa tarago huɗu ne, fentinsa ja da rawaya, kuma akuya mai ciki tana iya wuce shi. Duk gaskiya ne. Shekara ashirin da wani abu ina tuƙa shi a wani filin wasan yara da ke gefen garin Makka, irin wanda a nan muke kira malahi. Ban taɓa yin haɗari ba, ban taɓa ɓatan hanya ba, don hanyar ɗaya ce, kuma inda ta fara nan take ƙarewa. A garin nan kowa ya san zagaye mai lada. Nawa na albashi ne.

A Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi hajji, ya ce zai huta kwana biyu kafin ya koma, hutun ne muke ci gaba da yi har yau. Makaranta aji huɗu na yi na fita, ba don na ƙoshi ba, malamin ne ya ƙoshi da ni. Na yi dako a Mina lokacin aikin hajji, na yi jagoran alhazan da suka ɓace wa tantinsu, na sayar da tsire, sannan Allah ya haɗa ni da jirgin nan. Saboda haka in kun ga rubutuna yana ɗingishi ku yi haƙuri, aji huɗu ne ke tafiya.

Bari in gaya muku hanyar, don ku san abin da ake magana a kai. Daga tasha sai ka wuce itacen dabino biyu, sai raƙumin dawa na roba wanda rana ta cinye masa kunne ɗaya, sai kwana, sai rami. Ramin nan tsawonsa bai fi taku goma sha biyar ba, amma duhu ne, kuma kafin in shiga nakan buga ƙararrawa sau uku, in ɗan rage gudu, duk da ba wani gudun da za a rage. Bugun na uku shi ke gaya wa yara su ja numfashi. Sai su kwashe da ihu gaba ɗaya, mu fito haske suna dariya. Na ɗauki yara a jirgin nan, sun girma, sun kawo mini nasu yaran.

Abin da ya sa na riƙe jirgin da hannu biyu kuwa shi ne, tun da mai ɗakina ta rasu, Allah ya jiƙanta, ina zaune ne a gidan babban ɗana a unguwar Shisha, hawa na huɗu. Ɗana mutumin kirki ne, matarsa ma haka. Sun ba ni ɗaki mai na'urar sanyi da taga ɗaya, tagar tana kallon bangon maƙwabta, kusa har kana iya miƙa hannu ka gaishe shi. Jikokina Larabci suka fi ji, in na yi musu Hausa sai su yi mini murmushin da ake yi wa mara lafiya. Shekaruna sun wuce na aiki, takardar aikina duk shekara ake sabunta ta don alfarma. Na san ranar da aka cire jirgin nan, ni da bangon nan ne, daga asuba har isha, har Allah ya yi ikonsa.

To, ana nan sai wani babban kamfani ya sayi malahin namu. Kamfani ne mai filayen wasa a garuruwa da dama, kuma ba na mutum ɗaya ba ne da za ka je gidansa ka yi sallama. Na masu hannun jari ne. Aka turo mana sabon manaja, mudir muke ce masa, matashi ne ɗan Jidda mai wayar hannu biyu da ladabi, ba ya kirana sai da “ya Ammi”, wato baffa. Wata rana ya tara mu a ɗakin cin abinci, ya kashe fitila, ya haska zane a bango, ya ce albishirinku, za a yi tausi'a.

Shi a bakinsa faɗaɗawa yake nufi, abin murna. Amma mu 'yan Makka mun san kalmar nan tun muna goye. In ka ji tausi'a, ka fara neman kwali da igiya. Gidanmu sau biyu tana tashinsa. Saboda haka da sauran ma'aikata ke tafi, ni na matsa kusa da bango ina neman jirgina a zanen. Na ga tafkin ruwa, na ga wuraren cin abinci, na ga wani ƙaton ƙarfe ya murɗe kamar hanji. Ban ga raƙumin dawa ba.

Da aka watse na tsaya. Da Larabci muke magana, amma ga yadda ta kasance.

“Ranka ya daɗe, wannan hanjin mene ne?”

“Wannan shi ne zuciyar aikin, ya Ammi. Jirgi ne da ke hawa sama ya juyo da mutane kai a ƙasa. Jirgin mutuwa ake ce masa.”

“Nawa ne kuɗinsa?”

Ya faɗi wani adadi wanda aji huɗu bai kai nan ba.

“Abin da ke zuwa kyauta shi za ku saya da tsada haka? To, nawa jirgin fa, na masu rai?”

Ya sosa gemu, ya dubi waya ɗaya, ya dubi ɗayar. Sannan ya gaya mini gaskiya, kuma har yau ina ganin girmansa a kan haka. Ya ce kuɗin tausi'ar nan ba su zo ba tukuna. Sai masu hannun jari sun yarda, su kuwa ba sa yarda sai sun ga cewa mutane na zuwa. Za su turo wakilai su gani da idonsu, kuma ranar da suka zaɓa Talata ce bayan la'asar, ana tsakiyar karatu, ana tsakiyar zafi. Ranar Talata a malahinmu kana iya shanya wanki daga ƙofa zuwa ƙofa ba wanda zai taɓa maka.

“In suka zo suka ga fili wayam, ba tausi'a, wataƙila ma ba malahin,” in ji shi. “An ce mini ba wanda ba ka sani ba a cikin mutanenku. Ka cika mini filin nan ranar Talata, ni kuma na yi maka alkawari ba mai taɓa jirginka.”

Ya ciro fensir, ya zana wata 'yar da'ira a gefen takardar zanen, can kusa da katanga, ya ce ga hanyar jirgina. Da fensir fa, ku riƙe wannan.

Nan take gayya ta faɗo mini a rai. Kakata ce ta ba mu labarinta, yadda a ƙauyensu mai gona ke kiran jama'a su taya shi noma rana guda. A Makka ba mu da gona, duwatsu muke da su, amma gayya ta biyo mu. Da ita ake tashi daga gida, da ita ake dafa shinkafar biki, da ita ake wanke dardumai. Ƙa'idarta uku ce. Ba a biyan kowa. Ana ciyar da kowa har ya ƙoshi. Na gaya wa mudir waɗannan biyun, idonsa ya yi haske, ya ce wannan ai tsari ne da ya kamata a koyar a jami'a. Ta ukun ban faɗa masa ba, don ban ɗauka ta shafe shi ba. Ita ce, duk wanda ya zo taka, ranar da ya kira tasa ba ka da ciwon kai, ba ka da uzuri.

Wanda ke son tara Hausawan Makka ba ya bin maza, sai ya tsufa bai gama shan shayi ba. Na nufi Rusaifa wurin taubashiyata, 'yar ƙanwar mahaifina. Ta girme ni da shekara biyu, ita ke dafa abincin rabin bukukuwan unguwar, kuma tun muna yara ba ta taɓa barina na gama magana ba. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti.

“A'a, direba! Yau daga wace ƙasa? Ka sha hanya.”

“Daga inda na tashi, Hajiya. Gayya na zo kira.”

“Kai? Gonar wa ka samu? Ko raƙumin robar nan ne zai yi aure?”

Na yi mata bayani. Ta ajiye faranti ta dube ni.

“Tsaya in gane. Mu zo, mu hau lilo, mu ci shinkafa da kaza, mu koma gida. Ina aikin?”

“Shi ne aikin. Ku yi murna a gan ku.”

“Shekara sittin ina zuwa gayya, ban taɓa jin wadda aikinta dariya ne ba. Su wane ne masu kallon?”

“Masu hannun jari.”

“Su kuma me suke yi?”

Na gyara murya, don tambaya ce ta ilimi. Na ce mutane ne da suka ba da kuɗinsu jiya, suke son ganin ribar shekaranjiya.

“To, Allah ya ba su lafiya,” in ji ta. “Za mu zo. Amma ka sani, na rubuta ka.” Ba ta iya rubutu ba, goshinta ta nuna.

Ranar Talata na ga abin da ban taɓa gani ba. Tun kafin a sallame la'asar motoci ke sauke mutane, daga Rusaifa, daga Shisha, daga lungunan da ni kaina na manta da su. Tsofaffin da muka yi dako tare a Mina suka shiga motocin karo, suna bin juna da gaba kamar akwai tsohuwar magana a tsakaninsu, kuma akwai. Mata suka cika dokunan da ke juyawa, abaya na kaɗawa. Akwai 'yan'uwanmu da suka zo hajji tun da daɗewa suka zauna ba takardar zama, su ba sa son inda ake ɗaukar hoto. Na tura su gidan aljanu, inda duhu ne, suka wuni suna shiga suna fita, suka ce rabonsu da samun wurin da hankalinsu ya kwanta haka an daɗe.

Wakilan suka iso, maza uku da mace ɗaya mai riƙe da allon waya tana ta danne-danne. Babbansu dattijo ne mai sanda, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, yana ta kallon jama'a. Suka tsaya daidai tashata lokacin da na ɗebo tarago huɗu cike da tsofaffin mata da jikokinsu, taubashiyata a gaba kamar ita ta sayi jirgin. Na buga ƙararrawa sau uku, muka shiga rami, ihun da suka yi har tsuntsaye suka tashi daga dabino. Mai ɗaukar hoto yana jiranmu a bakin fita.

Bayan sati biyu mudir ya rungume ni a gaban mutane. An amince da kuɗin.

Ni na ɗauka an gama. Ashe mai hannun jari ba ya zuwa sau ɗaya. Duk wata uku ake yi masa bayani, kuma abin da na gano, wanda ba a koya mana a aji huɗu ba, shi ne ba cikar fili yake so ba. So yake ya fi na wancan karon cika. Jama'ar da ta sa shi murmushi a watan Rajab, in ya sake ganin daidai ita bayan wata uku, sai ya ce kasuwa ta tsaya, a binciki dalili.

Aiki kuma ya fara. Aka kewaye rabin fili da kwano, aka kawo motocin haƙa. Suka haƙa kamu biyu suka tarar da dutse, abin da kowane ɗan Makka zai gaya musu kyauta da sun tambaya. Injin ya karye, aka aiko da wani daga waje, shi ma ya ɗanɗana. Ƙarafan jirgin mutuwa suka iso a manyan motoci tun ba a gama ramin da za a kafa su ba, aka jibge su a rana suna jira. Kowane jinkiri ƙarin kuɗi ne, kowane ƙarin kuɗi sai an koma wurin masu hannun jari, su kuma sai sun turo wakilai. Wakilai kuwa, ban san wa ya yi musu wannan asiri ba, ba su san wata rana ba sai Talata.

“Ya Ammi, wannan karon a ɗan ƙara,” in ji mudir.

Na kira gayya ta biyu. Aka zo, har da ƙari.

Daga nan wayata ta fara ƙara. Na farko wani tsohon abokin dakona ne, wanda ya fi kowa ɓarna a motar karo. Zai tashi daga gida, akwai firiji, hawa na uku, ba na'urar hawa. Na ce masa bayana yana ciwo. Ya ce shi ma wuyansa bai daina ciwo ba tun ranar Talata, amma ai ya zo. Na je. Na biyu suna ne, ana neman mai yanka da fiɗa. Na uku neman aure, ana son dattijo mai farin gemu ya zauna a gaba, ko bai san yaron ba. Aka kira ni jinya a asibiti, aka kira ni sulhun maƙwabta a kan tankin ruwa, aka kira ni juya tukunyar shinkafa wadda mutum zai iya wanka a ciki. Mutum ɗari biyu in suka zo maka rana ɗaya, su rana ɗaya suka bayar. Kai kwana ɗari biyu za ka mayar, kuma ba su haɗa baki su sa bukukuwansu rana guda ba.

Na fara rasa aiki. Ranar da ba na nan, wani abokin aikinmu mutumin Bangaladash, mai yanka tikiti, shi ke tuƙa jirgin. Mutumin kirki ne, yana da iyali a can ƙasarsu, ba ni da abin faɗa a kansa sai ɗaya. Sau biyu yake buga ƙararrawa. Na koya masa, na sake koya masa, ya ce to, ya buga biyu. Yara su shiga rami ba su shirya ba, ihun ya fito a warwatse.

A gayya ta uku Hausawan da na sani sun ƙare, ga shi ana son ƙari. Mudir ne ya kawo dabara, yana faɗa yana kallon ƙasa. Ya ce mata masu niƙabi ai ba a gane su, in suka fita ta ƙofar baya suka sake shigowa ta gaba, na'urar ƙofa za ta ƙirga su sabo. Yara kuma a canza musu riga. Aka yi haka. Wata baiwar Allah ta shigo sau biyar, ta ce mini ko a sa'ayin Safa da Marwa ba ta sha tafiya haka ba.

Ranar ban ji daɗin raina ba. A gayya ta farko na gaya wa kaina mutanen na gaske ne, dariyar ta gaske ce, tikitin ne kawai kyauta. Amma mace ɗaya ta zama biyar, wannan ko a aji huɗu an san sunansa. Washegari na shiga ofishin mudir na ce na gaji, a nemi wani. Bai yi faɗa ba. Ya rame shi ma, wayoyinsa sun zama uku. Ya buɗe aljihun tebur ya ciro zanen, ya shimfiɗa, ya ɗora yatsa a kan da'irar fensir ɗin nan. Kusa da hannunsa akwai abin goge rubutu. Ban ce da gangan ya ajiye shi a wurin ba. Na dai gan shi.

“Ya Ammi, ni ma ba ni da hanyar fita. In na ce musu jama'a ta ragu, za su ce me ya sa na sa su haƙa rami. Sau ɗaya kawai. Na ƙarshe.”

Na tuna bangon Shisha. Na ce to.

Da na koma Rusaifa kiran ta huɗu, taubashiyata ba ta yi dariya ba.

“Direba, akwai abin da ke damuna. Sau uku muna zuwa gayyar nan, ba mu taɓa sallamar mai gona ba. Haka aka koya maka? A ci abincin mutum a sulale kamar ɓarayi?”

“Ai ni ne na kira ku. Ni za ku sallama.”

“Kai ɗan aike ne. Kai da ko ƙararrawar jirgin ba taka ba ce. Wancan yaron mai wayoyi ma ɗan aike ne, na ga yadda yake rawar jiki. Wane ne mai gonar?”

Na ce mata gonar nan masu ita sun fi dubu, wasu ma ba su san inda take ba. Ta ce ba ta taɓa jin gonar da mai ita bai san hanyarta ba, in daina yi mata wasa da hankali. Don ta ƙyale ni, na ce dattijon nan mai sanda. Na ɗauka magana ce ta wuce.

Talata ta zo, aka cika fili, masu niƙabi suna ta zagayensu. Gab da magariba wakilai suka zo wucewa ta tashata, mudir yana gaba yana nuna musu ƙarafa da hannu. Ina cikin sauke fasinja sai na ga taubashiyata ta gyara mayafi, ta ɗebi mata huɗu a bayanta, ta nufi dattijon kai tsaye. Na buga ƙararrawa don ta juyo. Ko waiwaye.

Da Larabcinta na kasuwa, wanda ake ji daga nan har Mina, ta ce masa: “Sannu da ƙoƙari, Alhaji. Mu ne mutanen da kuka gayyato. Wannan zuwanmu na huɗu ke nan, mun yi aikin da aka sa mu, mun hau komai, wasunmu sun shigo sau biyar. Abinci ya yi daɗi, sai dai kazar wancan karon ta fi laushi. Allah ya sa albarka a gonarka. Za mu koma gida, sai an sake kira.”

Matar nan mai allon waya ta daina dannawa. Mudir ya tsaya da hannu a sama, yana nuna ƙarfen da ba wanda ke kallo. Ni kuwa na riƙe igiyar ƙararrawa, don ita kaɗai ce a kusa.

Dattijon ya amsa mata da ladabi, ya yi mata godiya, ya ce a gaida gida. Sannan ya tako da sandarsa har inda nake, ya ce: “Kai ne direban? Kai ni zagaye ɗaya. Ni kaɗai.”

Ya shiga taragon farko, gwiwoyinsa har ƙirji. Muka wuce dabino, muka wuce raƙumin dawa. Ban buga ƙararrawa ba, hannuna ya ƙi. Da muka shiga rami ya ce in tsaya. Na tsaya. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa tsayawa a cikin ramin nan ba, ashe warin man inji yake.

“Tun zuwa na biyu na gane,” in ji shi daga bayana. “Akwai wani tsoho mai koriyar hula a motar karo. Duk hoton da aka kawo mini yana ciki, yana bin mutum ɗaya.”

Na ce ranka ya daɗe, tsohuwar magana ce a tsakaninsu.

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce: “Kana tsammani kuɗina ne? Nawa kaɗan ne a ciki. Na mutane ne suka ba ni in juya musu, su ma duk wata uku sai na nuna musu hoto. Na riga na gaya musu wurin nan cike yake. Kuɗin da muka zuba a ramin can ba za su fito ba sai an gama ginin, ginin ba zai ƙaru ba sai an ƙara wasu, ba kuma mai ƙarawa in ya ji filin ba kowa. In an gama, wataƙila mutanen gaske su zo. Wataƙila.”

“To, ni yanzu korata za a yi?”

“Kora? Ka san hoton da ke bangon littafin da muke aika wa masu hannun jari? Jirginka ne, yana fitowa daga ramin nan, hajiyar can a gaba baki buɗe. Ko ni ban isa in cire jirgin nan ba yanzu. Abin da nake so in sani, ranar buɗe sabon wurin, za ka iya kawo ninkin waɗannan?”

Na ja jirgi muka fito haske. Taubashiyata tana tsaye a tasha tana jira ta ga ko an yaba da tarbiyyarta.

Da'irar nan an maimaita ta da biro, na gani da idona. Jirgi yana nan, an ma sake masa fenti, an yi wa raƙumin dawa sabon kunne wanda bai yi daidai da ɗayan ba. Ni kuma aka ce mutum mai daraja irin tawa bai kamata ya wuni a rana ba. Aka ƙara mini girma, aka ba ni muƙamin mai kula da hulɗa da jama'a, da takardar shekara uku a jere. Aikina shi ne in halarci sunan kowa da bikin kowa da tashin kowa, don kada gayya ta mutu kafin ranar buɗewa. An ɗaga ranar sau biyu. Dutsen bai gama ba da amsa ba.

Sun ba ni ofis. Akwai na'urar sanyi, akwai kujera mai juyawa, akwai taga ɗaya. Tagar tana kallon kwanon da aka kewaye wurin gini da shi, kusa har kana iya miƙa hannu ka gaishe shi. A nan nake rubuta wannan, a bayan takardun da ba a bukata.

Mutumin Bangaladash shi ne direba yanzu, da hula da komai. Daga nan ina jin tashinsa daga tasha, ina ƙirga dabino, ina ƙirga kwana. Ya buga ɗaya. Ya buga biyu. Na ɗaga hannu ina jiran ta ukun, sai wayata ta yi ƙara. Taubashiyata ce. Jikar maƙwabciyarta za ta tare ranar Alhamis, akwai injin wanki, hawa na biyar.

“Ka zo da wuri, direba,” in ji ta. “Kuma ka zo da bayanka.”